Vitz ta wok-an-pe: ciniki ne ko haya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a nan Kumasi. Shekara shida ina tuƙa pragiyar wani, wato keke mai ƙafa uku na haya, yanzu ina so in koma ƙaramar mota in riƙa aikin Bolt, da safe kuma in kai yara makaranta. Wani Alhaji a unguwarmu yana da Toyota Vitz ƙirar 2014. Ya ce kuɗi hannu sidi 110,000, in kuwa wok-an-pe ne, wato in riƙa aiki da ita ina biya har ta zama tawa, sidi 1,500 duk mako har mako 104. Gyara da inshora duk a kaina. Makon da na makara akwai tarar sidi 100. In na yi fashin mako huɗu a jere zai karɓe motarsa, abin da na biya kuma ya tafi. Takardu suna nan da sunansa har in gama. Fitana, wato makanikena, ya duba ta, ya ce an juya sitiyari, kuma yana zargin an mayar da mita baya. Da na yi wa Alhaji maganar sai ya ce yadda na gan ta haka zan ɗauka. Yayana ya ce wannan duk kuɗin ruwa ne, gara in cika ɗan abin da na tara in sayi Mira ko Alto kuɗi hannu. Malam, mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, yayanka ya yi daidai da ya ji ƙamshin haram a wannan takarda, amma ya nuna wurin da ba nan take ba. Shi idonsa yana kan sidi 46,000 da ke tsakanin farashin hannu da na bashi, alhali wannan ƙarin shi ne mafi tsarkin abin da ke cikin yarjejeniyar. Mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan cewa mai kaya yana iya sayar da kayansa da tsada idan biyan na jinkiri ne, matuƙar an tsaya a kan farashi ɗaya kafin a rabu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma haka ta yanke a zamanta na Jidda a 1990. Abin da aka hana shi ne a tashi daga zama ba a san ko 110,000 aka ƙulla ko 156,000 ba. Mu Hausawa rubutun boko ya haɗa mana ribar ɗan kasuwa da ribar da Allah ya haramta a harufa huɗu, shi ya sa wasu suke ruɗewa. Alƙur'ani kuwa ya raba su a aya ta 275 ta Suratul Baƙara: Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba. A ciniki akwai kaya a tsakani, a riba kuɗi ne yake haifar kuɗi.

Sharaɗin wannan halaccin shi ne motar ta kasance mallakar Alhaji, tana hannunsa, kamar yadda ka faɗa. Da cewa ya yi ka je ka nemo mota, ga 110,000, ka biya shi 156,000, to rance ne da ruwa, motar labule ce kawai.

Tarar sidi 100 kuwa babu ja-in-ja a kanta. Da zarar an ƙulla, 156,000 ta zama bashi a wuyanka, duk kobon da aka ɗora a kan bashi saboda jinkiri shi ne ainihin ribar Jahiliyya, wadda mai bin bashi yake cewa ko ka biya ko ka ƙara. Canza mata suna zuwa tara ko kuɗin lati bai wanke ta ba. Aya ta 280 ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa sauƙi. Wanda kuma yake da shi ya ƙi biya, Annabi (SAW) ya kira jan ƙafarsa zalunci, kuma shari'a ta ba Alhaji hanyoyin kare kansa waɗanda za mu zo kansu. A soke wannan layin.

Yanzu ga inda maganar take. Ka tambayi Alhaji tambaya ɗaya a gaban shaidu: ranar da ya miƙo maka makulli, motar ta wa ce?

Wok-an-pe yadda aka saba rubuta shi a zangunanmu jemage ne, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Ranar da giya ta lalace sai a ce ai motarka ce, je ka gyara. Ranar da ka yi fashin biya sai a ce ai motar Alhaji ce, haya kake yi, kawo makulli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shari'a ba ta yarda mutum ya tsaya a wuri biyu ba, domin ƙa'idar da ta zo a hadisin Nana A'isha ita ce amfanin abu yana tare da ɗaukar asararsa. Wanda ya ce mota tasa ce, to lalacewarta ma tasa ce. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta sake zama a Riyad a 2000 a kan hayar da take ƙarewa da mallaka, kuma abin da ta hana ke nan: a ɗora ciniki da haya a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Idan ciniki ne, motar taka ce tun ranar farko, gyara da inshora a kanka daidai ne, Alhaji kuma kuɗi yake bin ka. Yana da damar ya riƙe ta a matsayin jingina, takardu su zauna a wurinsa, a rubuta cewa ba ka da ikon sayar da ita sai ka gama biya. Yana iya neman wanda zai tsaya maka. Yana iya sharɗanta cewa in ka yi fashi da gangan sauran bashin ya faɗo gaba ɗaya. Jingina sunna ce, Annabi (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Abin da Alhaji ba shi da shi shi ne cinye jinginar. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya hana kulle jingina, Imamu Malik kuma ya fassara shi da wannan surar tamu sak: mutum ya ce in ban biya ka zuwa lokaci kaza ba, jinginar ta zama taka. Ya ce wannan bai halatta ba, sharaɗin ɓatacce ne. Yi lissafi ka gani. Ka biya mako 80, sidi 120,000 ke nan, har ka haura farashin hannu, saura 36,000. Sai ciwo ya kwantar da kai wata ɗaya. A takardar Alhaji ka tashi babu mota babu kuɗi. A shari'a sai a sayar da motar da farashin kasuwa, in ta yi 90,000 ya ɗauki 36,000 ɗinsa ya miƙo maka 54,000. In kuma ba ta kai abin da yake bi ba, cikon yana kanka.

Idan haya ce, motar tasa ce, abin da kake biya duk mako kuɗin haya ne, in an rabu ba ka bin sa komai. Amma fa sai ya ɗauki abin da mai mota yake ɗauka: inji, giya, inshora, da asarar da ba sakacinka ya jawo ba, kuma makon da mota take kwance a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame, saboda irin wannan gyaran babu haya. Kai naka shi ne fetur, juyen mai da ƙananan abubuwan yau da kullum. Alkawarin ba ka motar a ƙarshe, kyauta ko da wani ɗan farashi, a rubuta shi daban. Ni dai na fi zaɓa maka ciniki da jingina, don 1,500 da aka lissafa da kuɗin mota a cikinta ta fi ƙarfin haya, kuma wanda ya yi fashi a tsakiya shi yake kwana ciki. Kowanne kuka ɗauka ku rubuta, ku sa shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sau nawa ake kawo mana rigimar da babu shaida a cikinta sai saƙonnin momo (tura kuɗi ta waya) da rantsuwa.

Sai batun motar kanta. Ni ba fita ba ne, amma hukunci ba ya tsayuwa sai an san abin da ake hukuntawa. Vitz ta 2014 don kasuwar Japan aka ƙera ta, a sauran ƙasashe Yaris ake kiranta. Japan hannun hagu suke bi, sitiyarinsu yana dama. Gana ta koma hannun dama tun 1974, dokar kwastam kuma ba ta barin a shigo da mota mai sitiyari a dama haka kawai. Saboda haka duk Vitz ta wannan zamanin da ka gani da sitiyari a hagu, juya shi aka yi bayan ta bar masana'anta. Wannan sananne ne ga duk mai harkar, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma kai an gaya maka kafin ka saya, don haka ba za ka dawo gobe ka ce aibi ne aka ɓoye maka ba. Abin dubawa shi ne kyawun aikin. A ɗaga ta a ga ko an yi wa ƙarfen sitiyari walda, a bi bututun birki, a duba wayoyin da aka ƙara wa tsawo, a tabbatar jakar iskar nan mai kare direba tana nan kuma fitilarta ba kashe ta aka yi ba, a ga inda fitilun gaba suke haskawa, don na Japan an saita su ne ga mai bin hagu. Kai rayukan mutane za ka ɗauka, da na 'ya'yanka. In fita amintacce ya ce aikin ba shi da aminci, bai halatta ka ɗauki fasinja da ita ba ko da kyauta aka ba ka.

Mita kuwa wani abu ne daban. Larabawa suna da wata dabara, su ɗaure hantsar akuya ko taguwa kwana biyu ba tatsa, mai saye ya gan ta cike ya ɗauka mai yawan nono ce. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Mayar da mita baya ɗaure hantsar wannan zamanin ne, wanda ya yi da wanda ya sa aka yi da dillalin da ya sani ya yi shiru duk suna cikin algus. Sai dai zargin fita ba hujja ba ne, kada ka ɗora wa Alhaji abin da wataƙila tun kafin mota ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema aka yi shi. Ana iya bincikawa. A Japan sabuwar mota tana zuwa gwajin hukuma bayan shekara 3, daga nan duk shekara 2, ana kuma rubuta kilomitarta, kuma adadin yana fitowa a takardar fitar da ita daga ƙasar. In ta bi ta kasuwar gwanjo, akwai takardar da ke nuna kilomita da matsayinta da ko an taɓa yi mata gyaran haɗari. Da lambar shasi ake nemowa. Maganar “yadda ka gan ta” ba ta kuɓutar da mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye, hadisin Uƙbatu ɗan Amir ya ce bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. Hanya mafi sauƙi: a rubuta kilomitar a cikin yarjejeniya a matsayin siffar da aka saya a kanta. In daga baya ta bayyana ƙarya ce, kana da zaɓin mayarwa.

Inshorar da doka ta wajabta, wato mai biyan wanda ka yi wa ɓarna, ka yi ta, babu laifi a kanka tunda tilas ce. Amma ka gaya musu gaskiya cewa motar ta ɗaukar fasinja ce. Wanda ya yi inshorar motar gida yana ɗaukar fasinja ya yi ƙarya, ranar haɗari kuma shi zai ga sakamakonta. Ka kuma je DVLA, hukumar rajistar motoci, da kanka ka ga sunan da ke kan motar da lambar shasinta sun dace da abin da ke hannun Alhaji. Motar aiki babu zakka a kanta, sai a kuɗin da ta tara in sun kai nisabi suka shekara.

Shawarar yayanka ba fatawa take nema ba, lissafi take nema. Mira da irin Alto ɗin Japan suna cikin ajin da dokar can ta ƙayyade wa inji kada ya wuce sisi (cc) 660, tsawo kada ya wuce mita 3.4. Fetur kaɗan suke sha, suna kuma kutsawa a cunkoson Kejetia da Adum, amma mutum huɗu aka yi su dominsu har da direba, kuma da iyakwandishan a kunne za ka ji su suna nishi a hawa. Vitz ƙaramin injinta lita ɗaya ne, akwai kuma mai 1.3, kayanta ba sa wuya a Suame ko Abossey Okai ta Ankara (Accra). Giyarta irin ta CVT ce, wani nau'in giya mai canza kanta, tana da irin man da take sha na musamman, wanda ya zuba mata man giyar da ba nata ba ya sayi gyara da kuɗinsa. Kafin ka sayi kowacce ka tambayi kamfanin da za ka yi wa aiki ko suna karɓar irinta da shekarunta. In ƙaramar za ta yi maka aikin, kwana babu bashi ya fi, Annabi (SAW) da kansa yana yawan neman tsari daga bashi. In ba za ta yi ba, koma wurin Alhaji da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ku nemi a cire tara, a mayar da ƙwace ya zama jingina, a rubuta kilomita. In ya amince, ka sa hannu da bismillah. In ya ƙi biyun farko, kada ka sa hannu, ka ci gaba da pragiyarka kana tari har wani mai motar ya samu.

Wallahu a'alam.