Hajiya, wa zai biya idan aka hana su biza?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Bara na je Holan, aka kai ni lambun furanni na Keukenhof. Da na saka hotuna a WhatsApp sai abokan cinikina suka yi ta cewa in kai su. Yanzu mata 18 sun ba ni kafin alƙalami, kowacce kwatankwacin Yuro 1,000, a kan tafiyar kwana biyar a watan Afrilu da za ta ci Yuro 2,500. Ina sa ran ribar Yuro 400 a kan kowacce. Na riga na tura wa ƙanin maigidana da ke zaune a birnin Rotterdam na Holan Yuro 12,600 ya kama mana otal da mota. Ba mu nemi biza ba tukuna. In ƙara mutane su kai 40 in mayar da abin sana'a?

Amsa: Hajiya, ajiye maganar mutum 40 tukuna. Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne Yuro 12,600 ɗin nan. Kuɗin mata 18 ne, amana ce a hannunki, kin tura ta ƙetare, kuma ban ga inda kika ambaci rasit ko yarjejeniya ba. Wane otal ya kama? Da sunan wa? Idan aka fasa, ana mayar da kuɗi ko ba a mayarwa? In ba za ki iya amsa waɗannan yanzu ba tare da kin buga masa waya ba, to kin sayi kifi a ruwa, kuma da kuɗin mutane.

Ban ce ƙanin maigidanki macuci ba ne. Mai yiwuwa mutumin kirki ne. Damuwata ita ce ba za ki iya tuhumarsa ba. Baƙon dillali za ki tsare shi da ido ki ce ya nuna miki takarda. Wannan kuwa da kin matsa za a ce kin raina dangin miji, maganar ta bar kasuwa ta shiga ɗaki. Na taɓa zama sulhun wani mai sayar da takalma da ya tara kuɗin 'yan kasuwa goma sha biyu zai kai su baje koli a Chaina, ya miƙa wa ɗan yayarsa ya shirya komai. Yaron bai ci ko sisi ba. Otal mai araha ya samu, irin wanda ba a mayar da kuɗi, ya biya duka don ya burge kawunsa. Biyar ba su samu biza ba. Ba takarda, ba shaida, kowa da abin da yake cewa an yi alkawari. Ƙarshenta sai da mutumin ya karyar da kayan shagonsa ya biya, kuma har yau shi da yayarsa sai gaisuwar Sallah.

Yanzu mu yi lissafin da ba ki yi ba. Bizar Shengen, wadda ake shiga Holan da wasu ƙasashen Turai da ita, ba a hannunki take ba, ba kuma a hannun na Rotterdam ba. A 'yan shekarun nan kusan rabin 'yan Najeriya da suka nema an hana su, kuma wadda ba ta taɓa fita ba, ko asusun bankinta bai nuna shige da ficen kuɗi ba, ita ta fi shiga haɗari. Mu ce bakwai cikin matanki aka hana. Kason kowacce a kuɗin da kika tura Yuro 700 ne, bakwai ɗin sun tashi 4,900, kuma ke za ki biya su idan kuɗin bai dawo ba. Sauran sha ɗaya za su kawo miki ribar 4,400. Kin ga tun ba a tashi daga Legas ba kin shiga cikin uwar kuɗi da 500, kuma mai mota ba zai rage farashi don kujeru bakwai babu kowa ba. Su kuwa matan ba ruwansu da ofishin jakadanci. Ke suka sani, shagonki suka sani, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya sa wannan tafiya ta fi ta Dubai ko Umara wuya shi ne ba a ɗaga ta. Keukenhof, da ke garin Lisse, mako takwas kacal yake buɗewa a shekara, daga wajen 20 ga Maris zuwa kusan tsakiyar Mayu. A farkon lokacin ma furen tulif na waje bai gama buɗewa ba, sai wajen tsakiyar Afrilu yake cika ido. Gonakin da ke kewaye, masu layi-layi ja da ruwan ɗorawa da matan suka gani a hotunanki, na manoma ne da ke noman kwan furen, mai kama da albasa. Da Afrilu ya zo ƙarshe sai su bi da inji su sare kawunan furannin don kwan ya yi girma. Idan biza ta makara da mako uku, kore kawai za ku tarar. Hajar taki kamar tumatir take, ba kamar atamfa ba da za ki ninke ki jira wata Sallar. Kuma a daidai lokacin ne otal ke tsada a Amstadam, ga jerin gwanon motocin furanni da ake yi daga Noordwijk zuwa Haarlem, ga bikin ranar Sarkin Holan a 27 ga Afrilu.

Ana karɓar takardar neman biza tun saura wata shida a yi tafiya, to me kike jira? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin nema Yuro 90 ne ga babba, ba a mayarwa ko an hana, ga inshorar tafiya da dole kowacce ta yanka, mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000. Shaidar masauki da ake buƙata ana iya samunta da otal da ake sokewa kyauta. Ya ɗan fi tsada, amma wannan ƙarin shi ne kuɗin barcinki. Tikitin shiga lambun bai wuce Yuro ashirin da wani abu ba, da rana da sa'a a jikinsa, ke ma za ki iya saya a intanet daga shagonki bayan biza ta fito.

Batun naira ma ki kula. Kin ga yadda kuɗin waje ya ninka tsakanin 2023 da 2024. Ragowar Yuro 1,500 ɗin ki rubuta shi da Yuro, kowacce ta biya da canjin ranar da ta kawo.

Maganar mayar da shi sana'a kuwa, sau ɗaya kika je, a matsayin baƙuwa. Ba ki taɓa tsayawa a filin jirgin Schiphol da mata goma sha ɗaya kina neman wadda ta ɓata ba, ba ki taɓa fuskantar wadda ta ƙi dawowa gida ba, alhali sunanki ne a kan takardun ayarin. Kai sha ɗaya ki dawo da sha ɗaya, ki zauna da littafi ki ga abin da ya rage, sannan mu yi zancen 40.

A makon nan ki sa maigida ya zauna kusa da ke ku kira ƙaninsa tare, ya turo takardar otal da ta mota da sharuɗɗan sokewa. Abin da bai biya ba ya dawo da shi asusu na daban, ba na shago ba. In ya ji nauyi, tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, rubuta bashi take umarni. Sannan ki tara matan, ki karanta musu takarda shafi ɗaya da ta faɗi nawa za a mayar wa wadda aka hana biza, nawa ne ba zai dawo ba, da ranar ƙarshe ta fasawa. Kowacce ta sa hannu, mijinta ko ɗanta ya yi shaida. Wadda ta ce ba ta yarda ba, ki ƙirga mata Yuro 1,000 ɗinta a wurin, tun kuɗin yana hannunki.