Tambaya da Amsa: Miji da mata su kaɗai a jirgin ruwa, da gaske ana irin wannan zama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi. Ɗana ya nuna mana bidiyo a YouTube na wani Bature da matarsa da suka sayar da gidansu suka sayi ƙaramin jirgin ruwa, suna bin gaɓar teku gari-gari. A ciki suke girki, a ciki suke kwana. Hajiya ta ce ƙaryar ƴan fim ce, da an kashe kyamara otel suke komawa. Ni kuwa abin ya kwanta mini a rai. Da gaske ana wannan zama? Ruwan sha fa, da kuɗi? Kuma mutum irina zai iya?
Mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A gaida Hajiya, a faɗa mata ba otel suke komawa ba. A zaman da na yi a Dakar ina gyaran injinan ƙananan jirage, na ga irin waɗannan ma'aurata da yawa a bakin ruwan Hann, inda jiragensu ke tsayawa gaban kulob ɗin masu ƙananan jirage, Cercle de la Voile de Dakar. Wasu sun yi shekaru ba su da wani gida sai jirgin. Amma kada ka yi saurin murna, don zarginta bai faɗi ƙasa banza ba. Kyamara faɗuwar rana take nunawa da gasasshen kifi. Ba ta nuna maigida kwance a ƙasa, kansa cikin ramin inji, gazuwal har gwiwar hannu, uwargida na haska masa tocila tana miƙo sifana.

Jirgin da mutum biyu ke iya riƙewa yawanci tsawonsa mita 10 zuwa 13 ne. Iska ce ke tura shi ta manyan ƙyallaye da ake ɗagawa a jikin dogon ƙarfe, injin gazuwal kuma na shiga tasha ne da ranar da iska ta ɗauke. Gudunsa bai wuce kamar kilomita 10 a awa ba. Tafiyar Maradi zuwa Yamai, wadda bas ke yi a yini guda, shi sai ya kusa kwana uku yana tafe dare da rana. Wanda ke da gaggawa a jininsa ya bar maganar tun daga nan.

Ruwan sha da ka tambaya: tankin irin wannan jirgi yakan ɗauki lita 200 zuwa 500, ana cika shi a tasha. Masu hali suna sa na'urar da ke matsa ruwan teku da ƙarfin gaske ta cikin matata mai laushi, gishiri ya tsaya, ruwan daɗi ya fito. Tana da tsada, tana cin wuta, wutar kuwa daga farantan sola da batir take zuwa. Saboda haka ruwa da awo ake taɓa shi. Na ga mace ta wanke kwanonin abincin dare duka da ruwan teku, sannan ta ɗauraye su da ruwan daɗin da bai cika kofi ba, tana fesa shi da ƴar kwalba. Alwala kam ba ta da matsala. Hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, matuƙan jirgi ne ma suka jawo shi da irin tambayarka. Hukuncin alƙibla da ƙasaru kuma sai ka kai wa malaminka.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya a kansa, don shi ne ke raba masu iyawa da masu sha'awa. In an fita daga wannan tasha zuwa waccan, sau da yawa sai an kwana ana tafiya, kuma teku ba ta da gefen hanya da za a faka a yi barci. Dole ido ɗaya ya zama a buɗe koyaushe. Su biyu ne kawai, don haka sai su raba dare: awa uku ko huɗu wannan, awa uku ko huɗu wancan. Ƙarfe biyu na dare, maigida na ciki yana minshari, uwargida ce zaune a waje ita kaɗai, da rigar ceto, da igiya ɗaure daga ƙirjinta zuwa jikin jirgi. Duk minti 15 sai ta miƙe ta duba gabas da yamma, kudu da arewa, domin katafaren jirgin kwantena da fitilarsa ta ɓullo can nesa zai iya iso ta cikin kamar minti 20, kuma ba lalle ne ya gan ta ba. Akwai na'urar AIS da ke nuna manyan jirage a allo. Amma kwalekwalen masunta a gaɓar Senegal ba ya fitowa a allon kowa. Wani sai ka zo dab da shi zai kunna maka tocila, ragarsa kuma ta miƙe a ruwa tana jiran ta naɗe farfelar injinka.

A waɗannan awannin, ita ce direba, ita ce mai yanke shawara. In iska ta tsananta ita za ta rage ƙyalle ko ta tashe shi. Kuma tunda galibi namiji ne ke zuwa goshin jirgi yin aikin ƙarfi, shi ya fi kusa da faɗawa ruwa. Ranar da haka ta faru, Allah ya kiyaye, matarsa ce kaɗai za ta juyo da jirgin, ta kira agaji a layi na 16 na rediyon VHF, ta nemo kan mutum a cikin raƙuman ruwa, ta kuma jawo shi sama. A ganina, duk mijin da ya shiga wannan harka matarsa tana matsayin fasinja, ya ɗauki ran mutum biyu ya aza bisa lafiyarsa shi ɗaya. Ma'auratan da na ga sun daɗe, kowannensu ya iya tada inji, ya iya karanta taswira, ya iya jefa anga. Waɗanda miji ne ya matsa aka taho, galibi ba sa rufa shekara sai ka ga takardar sayarwa manne a jikin jirgin.

Tafiyar kuma ba yadda rai ya so ake yin ta ba. Kamar makiyayan da ke bin damina suke, yanayi ne ke ba su hanya. Masu fitowa daga Faransa ko Ingila sukan gangaro ta Fotugal da bazarar Turai, su isa tsibiran Kanari, da ke cikin teku daura da Maroko, wajen Oktoba. Masu ƙetare Atlantika suna jira sai ƙarshen Nuwamba, lokacin da mahaukaciyar guguwar da ke tashi daga Yuni ta lafa. A watan ne ayarin ƙananan jirage da ake kira ARC, wanda aka fara a 1986, ke tashi daga Las Palmas da ke Kanari zuwa Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000. Masu son Afirka kuwa sai su yo Dakar, su shiga kogunan Salum, Gambiya da Kazamans. Hazon hunturun da ke rufe mana rana a Maradi har can yake bin su, wani lokaci tsibiran Cap-Vert da ke yamma da Dakar ba sa ganuwa sai an zo kusa.

Za ka ce to ga Kotonu da Lome da Legas nan kusa da mu. Nan ne fa ba a zuwa. Mashigin tekun Gini ya yi ƙaurin suna da fashi da satar ma'aikatan jirgi, har ƙasashen yankin suka ƙulla yarjejeniyar Yawunde a 2013 a kansa. Ga igiyar ruwa mai ƙarfi a bakin gaɓa, ga ƙarancin wurin fakewa.

Kuɗi kuma: tsohon jirgi mai lafiya na mita 11 yakan kama kamar Yuro 30,000 zuwa 60,000 a Turai, wato wajen miliyan 20 zuwa 40 na sefa. Sayen ne mai sauƙi. Masu jirgi suna ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 na darajarsa a kan gyara duk shekara, don gishiri ba ya barin ƙarfe, waya ko roba. Kusan kowace shekara sai an ɗaga shi daga ruwa an kankare ƙwarin da suka manne a gindinsa an sake fenti. Yawancin masu wannan zama ƴan fansho ne, ko masu hayar gida, ko masu aiki ta intanet. Wanda ka kalla ma, kallonka na cikin abin da ke saya masa gazuwal.

Takardu: jirgi sai da rajista a wata ƙasa da inshora. Duk ƙasar da aka shiga a ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar ana neman izinin shiga, a je wajen ƴan duwan da ƴan sandan iyaka. Mai fasfon Nijar sai da biza a Turai, ita ma ta ziyara kwana 90 ce cikin 180.

Akwai kuma wanda ba a saya da kuɗi. Mutumin Maradi da ba ya wuce mako bai je suna ko gaisuwar rasuwa ba, ya zauna wata shida da mutum ɗaya a ɗakin da ba wurin fita a huce in an yi cacar baki? Wannan kai da Hajiya kuka san amsarsa.

In har abin na ranka, kada ka sayi ko igiya tukuna. Ku fara koyon iyo, ku biyun. Sannan ku je Dakar ku hau jirgin fasinja Aline Sitoé Diatta mai zuwa Ziginshor a kudancin Senegal, wanda ke kwana a teku, ku ji yadda cikinku zai karɓi ruwa. Kwalekwalen tafkin Madarumfa ba gwaji ba ne, don babu raƙuman ruwa. In kun sauka lafiya, ku ɗauki hayar ƙaramin jirgi da matuƙinsa na mako guda, ku ce ya sa ku a rabon tsaron dare. Jiri da amai sukan saki yawancin mutane bayan kwana biyu ko uku, amma akwai waɗanda ba sa saki sam, don haka ku sayi maganinsa a famasi tun kafin ku hau.