Amsa: Gwada Linux Mint a tsohuwar kwamfuta ba tare da asarar fayiloli ba

Ɗan'uwa daga Tahoua, ka ce HP ɗinka mai RAM giga 4 ta yi nauyi da Windows 10, kana son gwada Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, amma kana tsoron rasa takardunka. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin ya dace. Shawarata nau'in Linux da ake kira Linux Mint 22, wanda ake sabunta shi har 2029. A giga 4, ɗauki wanda ke da fuskar allo ta Xfce, ya fi mai Cinnamon sauƙin nauyi.

Kada ka taɓa diskin tukuna. Sauke fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da dukkan Mint, daga linuxmint.com, ya kusa giga 3, don haka nemi Wi-Fi mai ƙarfi, kada ya cinye maka forfe. Idan layi ya yanke a tsakiya, fayil ɗin kan lalace ba ka sani ba, sai ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar da ke tabbatar da fayil ya sauka cikakke, da wadda ke shafin. Sa shi a kile USB mai giga 8 da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke kilen zai goge. Kashe kwamfutar, cusa kilen, kunna kana danna F9 (Dell da Lenovo F12 ne), ka zaɓi USB.

Mint zai tashi daga kilen, Windows na nan ba abin da ya same shi. Nan ne gwajin yake. Duba Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken allo da firinta. Tsofaffin HP da yawa na da katin Wi-Fi na Broadcom da ba ya aiki kai tsaye; haɗa wayarka da kebul, ka ba kwamfutar intanet ta USB, sannan ka buɗe Driver Manager, manhajar Mint da ke girka abin da zai sa katin ya yi aiki. Madannan kwamfutocinmu galibi a tsarin Faransanci na AZERTY suke, Mint kuwa da tsarin Ingilishi na QWERTY yake tashi, za ka danna A ka ga Q. Ba lalacewa ba ce, sauya shi zuwa Faransanci. Akwai ma tsarin Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ. Jinkirin da za ka gani na kilen ne.

Buɗe takardunka na Word da LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Word a Mint, ka gani da idonka. Wasiƙa tana fita lafiya, amma rahoto mai tebur da yawa kan zame saboda bambancin haruffa. Idan da Photoshop kake cin abinci, kada ka rabu da Windows.

In ya gamsar da kai, kwafe komai a wani diski, kashe saitin saurin kunnawa na Fast Startup a Windows, in akwai BitLocker, makullin da Windows ke rufe diski da shi, ka rubuta mabuɗinsa a takarda. Zaɓi girkawa kusa da Windows, ka ba Mint aƙalla giga 50. Batir ya zama cike, domin wuta ta ɗauke ana tsakar raba diski ita ce babbar hanyar asarar fayiloli. Wanda batirinsa ya mutu ya nemi wurin da ke da sola.

Bayan haka za ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, don Linux na ajiye lokaci a UTC, wato agogon duniya, Nijar kuma tana gaba da awa guda. Don gyara shi, rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal, tagar rubuta umarni ta Mint, sai ka kunna Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin don ka iya komawa in ya lalace, kafin sabuntawar farko.