Hajiya, kada ki ƙara masa ko kwabo tukuna

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, don ciwon nan na san shi. Kin ce shafinki na atamfa da leshi ya yi nauyi, masu saye na ƙorafin ba ya buɗewa a waya, shi kuma wanda ya haɗa miki ya ce sai kin ƙara kuɗi an koma babban hostin, wato wurin da ake haya don ajiye shafin. Don Allah ki dakata. Da wuya a ce hostin ne matsalar, kuma ko shi ne, ba da shi ake farawa ba.

Ki shiga PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafi, kyauta ne, ki sa adireshin shafin, ki duba sakamakon waya, ki ƙyale na kwamfuta. Akwai ma'aunin da aka rubuta LCP, shi ne lokacin da babban hoton sama yake ɗauka kafin ya bayyana. Google na son ya tsaya a daƙiƙa 2.5 ko ƙasa da haka. Ina kyautata zaton hotuna za ki tarar a kan gaba. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, faɗinsa wajen fiksel 4000. WordPress, tsarin da aka gina shafinki a kai, yana rage shi zuwa 2560 da kansa, amma ko hakan ya yi wa allon waya yawa. Mai saye da ke Dukku ko Nafada, sabis na zuwa yana ɗaukewa, datarta ta naira ɗari biyu, ba za ta zauna jiran hoto ashirin irin wannan ba. Fita za ta yi.

Kafin ki ɗora kowane hoto ki bi da shi ta Squoosh, shafin rage nauyin hoto, ki mai da faɗinsa 1200, ki juya shi WebP, nau'in hoto mara nauyi, ki bar ingancinsa tsakanin 75 da 80, ki nemi ya sauka ƙasa da kilobait 150. Kada ki matse shi fiye da haka. Leshi ba ya jure matsi, ramukan aikinsa sai su cuɗe, duwatsun su koma ɗige-ɗige, mai saye ta ɗauka na banza ne. Waɗanda suka riga suka hau kuma fulogin, wato ƙarin manhajar da ake sa wa WordPress, irin ShortPixel ko Smush zai rage su, sai dai na kyautan yana da iyaka. In akwai hotunan nan masu zagayawa a saman shafin farko, ki cire, ki bar guda ɗaya.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a maganarki shi ne inda kika ce komai a hannunsa yake. Nan ne haɗarin, Hajiya, ya fi nauyin shafi nesa ba kusa ba. Irin waɗannan mutanen Allah ya isa tsakaninmu da su. Kin biya kuɗinki, ya je ya yi rajistar domen, wato adireshin shafin, da sunansa da imel ɗinsa, ya cusa shafinki cikin asusu ɗaya da na mutum goma, ya ba ki ƙaramin matsayi na mai kula da shago ya riƙe na Administrator, mai cikakken iko. Shago naki, kaya naki, makulli a aljihun wani. Ranar da kuka saɓa ko shekara ta zagayo sai waya ta ƙi shiga, ki tura saƙo ki ga ya karanta ya yi shiru. Domen ya mutu, shafi ya koma fari fat, adireshin da kika buga a kati da leda da allon shago ya tashi a banza. In ya faɗa lokacin fansa, wato wa'adin ƙarshe na karɓo domen da ya mutu, kuɗin dawo da shi ya ninka na sabuntawa, in wannan ma ya wuce kowa na iya saye. Abin takaicin ma, ana gama wannan zai taso da murmushinsa ya ce a ba shi kuɗin sabon aiki, kamar ba shi ya kashe na farko ba. Da yawansu rigar shafi (theme, tsarin kamanninsa) da fulogin na sata suke sauke wa mutane, su caji kuɗin na asali. Waɗannan ba a iya sabunta su, kuma sau da yawa da mugun kod a ciki. Wata rana ki nemi shafinki a Google ki tarar da rubutun Japananci ko tallan caca a ƙarƙashin sunan kasuwancinki, mace mai mutunci. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna.

To ki bi shi a hankali, kada ki nuna masa fushi yanzu. Ki fara neman ya mai da ke Administrator. Da kin samu, ki sa UpdraftPlus, fulogin na ɗaukar kwafin shafi, ki haɗa shi da Google Drive naki na kanki, ki kwashi fayiloli da rumbun bayanai gaba ɗaya, ki saita shi ya riƙa yi duk mako. Sai kin ga kwafin ya sauka da idonki sannan ki ta da zancen domen. Ki buɗe asusunki a wurin mai rajista, wato kamfanin da ke rajistar domen, ki ce ya tura miki shi ciki, ko ya buɗe kullen ya ba ki lambar EPP, lambar sirrin da ake ƙaura da domen da ita. In .com ne, ba ya ƙaura zuwa wani mai rajista sai ya cika kwana 60 da yin rajista. In .com.ng ne, yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da domen na Najeriya, kuma suna da jerin masu rajistar da suka amince da su. Rasit da shaidar tiransifa duk ki adana. Saƙon sabuntawa kuma ya riƙa zuwa imel ɗinki, shi ne alamar abu ya dawo hannunki.

Na koma kan saurin. Ki sa fulogin na kash, mai adana kwafin shafi don ya buɗe da sauri, guda ɗaya tak, biyu faɗa suke yi. In sabar hostin ɗinki LiteSpeed ce ki sa LiteSpeed Cache, in ba ita ba WP Super Cache ya wadatar. Ki tabbata shafin kwando da na biyan kuɗi ba sa cikin abin da yake adanawa, in ba haka ba wata za ta iya ganin kwandon wata. Fulogin da ba kya amfani da shi ki goge, kashewa kawai ba ta isa ba. PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, ya zama 8 ko sama, amma sai kin yi kwafi kafin a taɓa shi, don tsohuwar riga na iya fashewa. Cloudflare na kyauta ma, sabis ne mai ƙara wa shafi sauri, yana taimakawa, sai dai shi ma sai domen na hannunki.

Af, na ga kina rubuta sunayen kaya da Hausa, Allah ya yi albarka. Ki riƙa gyara adireshin kowane kaya da hannu, ki sa k da d da b a madadin ƙ da ɗ da ɓ, don in kin tura a WhatsApp su ne ke rikiɗewa su zama tarkacen alamar kashi da lambobi. A cikin rubutun kuwa ki bar su yadda suke, in suna fitowa daban da sauran haruffa ki koma salon haruffa na Noto Sans.

Ki ɗauko hoton sakamakon PageSpeed ki turo nan, tare da jerin fulogin ɗin da ke ciki, mu duba miki. Kalmar sirri dai kada ki ba kowa, ko a nan ko ta bayan fage. Allah ya kawo kasuwa.