Muryar da aka turo a zaure kan rigar sulke ta 'yan sintiri

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Na ji tambayar ƙanenmu ɗan sanda da aka mayar ɓangaren sintiri, yana cewa an ba su zaɓi tsakanin rigar sulke mai laushi da mai faranti, wato mai allo mai tauri da ake zura mata gaba da baya, wacce zai ɗauka, kuma yaya zai jera kayan aikinsa a kanta. Rubutu zai yi yawa, shi ya sa na ce bari in yi murya. A yi haƙuri da tsawonta.

To ƙanena, kafin ka taɓa riga, tambayi kanka me ka fi haɗuwa da shi a bakin aiki. Ƙaramar bindiga ce, wuƙa ce, ko babbar bindiga irin AK-47? Don kowanne da rigarsa, kuma wallahi nan ne ake asarar rai. Mutum ya saka riga mai laushi ya ɗauka ya gama tsira.

Ita mai laushin nan zare ne aka jera bisa bisa, ko Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, ko kuma irin su Dyneema. Yadda ragar gola ke cafke ƙwallo ta raba ƙarfinsa, haka zaren ke cafke harsashi. Harsashin ƙaramar bindiga yana da faɗin baki, gudunsa kuma bai kai ba, sai ya baje a jikin zaren ya tsaya. Na babbar bindiga siriri ne, ga tsini ga gudu, ratsawa yake ya wuce. Saboda haka ka riƙe wannan da kyau: riga mai laushi, komai kyanta, ba ta tare harsashin AK-47. Sai da faranti.

Yanzu ka zare abin da ke cikin rigar ka duba takardar da aka manna masa, ba wadda ke jikin yadin waje ba. Yawancin duniya ma'aunin hukumar NIJ ta Amurka ake bi. A tsarin 0101.06 na 2008, mataki II yana tare harsasan ƙananan bindigogi irin 9mm da .357 Magnum, IIIA yana kaiwa har .44 Magnum, waɗannan duka masu laushi ne. Mataki III faranti ne na babbar bindiga, IV kuma shi ke tare harsashi mai fasa sulke. A yi hattara, IIIA da III ba abu ɗaya ba ne, harafi guda ne ya raba su amma tazarar babba ce. Wannan ruɗanin na cikin abin da ya sa sabon tsarin 0101.07 da ya fito a 2023 ya canja sunayen: HG1 da HG2 na ƙananan bindigogi, RF1 zuwa RF3 na manya. In ka ga riga ba takarda, ba ranar ƙira, ba lambar samfuri, ajiye ta. Kuma mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi, rigar ta iya tare harsashin bindigar da kai kanka kake ratayawa, don ana ƙwace wa ɗan sanda bindiga a cikin kokawa, ga kuma harbin kuskure daga abokin aiki.

Maganar wuƙa kuwa daban ce. Tsinin wuƙa ko ƙusa yana shiga tsakanin zare ya raba shi, ko ya yanka. Shi ya sa a Ingila, inda wuƙa ta fi damun 'yan sandansu, ma'auninsu ke da KR na wuƙa da SP na abu mai tsini. In aikinka na shiga cikin cunkoso ne da kama mutane hannu da hannu, nemi wadda ta haɗa biyun.

To me nake ba ka shawara? Ga ɗan sintiri na yau da kullum, mai laushi ta IIIA ita ce ta jiki, tun daga fita har komawa. Nauyinta bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Sai a ajiye mai faranti a mota, inda hannu zai kai cikin sauri, a ɗora ta a sama in an ji kiran da ya shafi manyan bindigogi. Amma in a yankinka kowane shingen bincike za a iya buɗe maka wuta da AK, to faranti ya zama na kullum, babu ja. Dalilin da ban ce kowa ya yini da faranti ba, faranti na mataki IV guda ɗaya yana kai kusan kilo 3, ga gaba ga baya, ga zafi. Abin da ke faruwa kun san shi, rana na take tsakiya sai a cire a jefa kujerar baya, kuma a lokacin ne abin ke zuwa.

Farantin ma iri uku ne. Na ƙarfe yana da juriya amma nauyi gare shi, kuma harsashi na tarwatsewa a kansa, ɓurɓushin ya nufi haɓa da wuya da cinya. Ni dai ba na son sa. Na seramik yana farfasa harsashi sosai, sai dai in ya faɗi ƙasa yana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Na roba mai tauri shi ya fi sauƙi a kafaɗa, amma ba ya son zafi mai tsanani, kuma wasu harsasai masu ƙarfe a baki suna ratsa shi.

Bari in daɗe a kan awo, don shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ka sa yatsa a ɗan ramin nan na ƙasan maƙogwaro. Nan ne bakin farantin gaba zai tsaya, ba a kan ciki ba. Za ka ga mutum ya sassauta madaurin kafaɗa faranti ya sauko yana rufe tumbi, zuciya da manyan jijiyoyin jini suna waje. Na baya shi ma ya daidaita da na gaba. Ita mai laushi kuma, ka saka ta da bel ɗinka na aiki, ka zauna a kujerar mota. In ta tunkuɗo sama ta shaƙe ka, ta yi tsawo. Ƙasanta ya tsaya wajen cibiya, da tazarar yatsu kamar biyu tsakaninta da bel. Sannan ka ɗaga hannu ka duba gefe. Gaba da baya su hau kan juna, kada a bar gibi a haƙarƙari, don mutum in ya ji harbi juyawa yake ya ba da gefe. Ka miƙa hannu biyu kamar za ka yi harbi, ka ja dogon numfashi, ka durƙusa. In ta hana ka ɗaya daga ciki, a canja. 'Yan'uwanmu mata da ke zauren nan, don Allah kada ku karɓi ƙaramar rigar maza a ce ku yi maneji. Akwai wadda aka ɗinka daidai ƙirjin mace, ku nace a ba ku.

Jera kaya kuma, kada ka mayar da ƙirjinka shago. Gidan harsashi a ɓangaren hannun da ba ka harbi da shi. Oba-oba inda za ka danna ba tare da ka saki bindiga ba. Maɗaurin tsayar da jini a tsakiyar gaba, inda kowane hannu zai kai, don ba ka san wanne zai ji rauni ba. Kafaɗar da kake dafa gindin bindiga a bar ta fili. A bayanka kuwa kada ka rataya ankwa ko wani ƙarfe daidai ƙashin baya, faɗuwa ɗaya ta ishe ka jinya.

Sai kulawa. Yadin waje ake wankewa, abin cikin a goge shi da tsumma mai danshi, ya sha iska a inuwa. Ba a naɗe shi, ba a bar shi a but ɗin mota cikin rana. Yawancin masu ƙira shekara 5 suke ba da garanti, kuma ba wasa ba ne. A 2003 a Amurka harsashi ya ratsa rigunan da aka yi da zaren Zylon, bincike ya nuna zafi da danshi suna cinye ƙarfinsa, aka janye su.

Abu na ƙarshe, Allah Ya kiyaye, in an harbe ka rigar ta tare, asibiti za ka wuce ko ba jini. A gwaji ma an yarda rigar ta lotsa yumɓun da ake sawa a bayanta a madadin jikin mutum har milimita 44, wannan dukan yana karya haƙarƙari ya taɓa huhu. Rigar kuma ta gama aikinta, sai sabuwa.

Ƙanena, in ka karɓi taka, ɗauki hoton takardar ciki da hotonka a zaune sanye da ita ka turo, mu duba tare. Allah Ya tsare mu baki ɗaya. Wassalam.