Wani ya ce fim ya haɗu, wani ya ce shirme ne: maganar wa zan ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon cajin waya da tura fina-finai a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa. Kullum sai an tambaye ni wane fim ne mai kyau ya shigo. Ba ni da lokacin kallon duk abin da ke cikin kwamfutata, don haka da bakin masu kallo nake dogara. To fim ɗaya wani zai ce ya haɗu, wani ya ce na cuce shi. Kwanan nan wani magidanci ya dawo mini da memori ransa a ɓace, wai na tura wa iyalinsa abin da bai dace ba, alhali samari ne suka yi ta yabon fim ɗin. Ta yaya zan tace waɗannan ra'ayoyi har in san abin da zan ba kowa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Su masu kallon nan ba ƙarya suke yi maka ba, kowa abin da ya ji a ransa ya faɗa. Matsalar ita ce "ya haɗu" da "shirme ne" ba su ɗauke da bayanin da za ka yi aiki da shi. Sai ka san wane ne ya faɗa, me yake nema a fim, wane kwafi ya kalla, a kan wace waya, kuma shi da wa. In ka samu waɗannan, ra'ayin ɗan acaɓa da na uwargida duk za su yi maka amfani, ko da sun saɓa.

Tambayar farko da za ka riƙa yi wa duk wanda ya yanke wa fim hukunci ita ce, "ka kai ƙarshe?" Da yawa daga masu cewa fim bai yi ba, minti ashirin suka kalla suka ajiye. Wannan ma bayani ne, domin ya nuna maka farkon fim ɗin yana da sanyi, amma bai gaya maka komai a kan sauran ba. Fim ɗin Indiya yakan kai awa biyu da rabi, wani har uku, kuma an gina shi ne kashi biyu saboda hutun da ake yi a tsakiya a gidajen silimarsu. Rabin farko yakan tafi a gabatar da jarumi, soyayya da barkwanci, sai dab da hutun a jefo abin da zai juya labarin. Wanda ya ajiye kafin nan bai ga fim ɗin ba tukuna. Fim ɗin Amurka kuwa mafi yawa awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, in rabin awa ta wuce bai kama mutum ba, da wuya ya kama shi daga baya. Saboda haka "na gaji na ajiye" ya fi nauyi a kan na Amurka fiye da na Indiya.

Daga nan sai ka ce masa, "wane wuri ne ya fi burge ka?" A nan mutum yake bayyana kansa. Wanda ya ce maka wurin da jarumi ya tashi mutum ashirin shi kaɗai, ka san faɗa yake bi, kuma yabonsa zai yi wa masu son faɗa amfani, ban da su ba kowa. Wanda ya ce wurin da uwar miji ta gane gaskiya, labari yake bi. Wanda ya kasa tuna ko wuri ɗaya, sai dai "wallahi ya yi", yawanci jarumin yake so, ko wane fim ya fito a ciki zai yaba. Irin wannan masoyin kada ka lissafa yabonsa, amma ranar da ya kushe fim ɗin gwaninsa, ka riƙe maganar da kyau, don ba ƙaramin abu ne zai sa ya faɗi haka ba.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, domin a nan aikinka yake, kuma a nan ake zaluntar fina-finai da yawa ba tare da an sani ba. Sau da yawa abin da mutum ya kushe kwafin da aka tura masa ne. Fim mai awa biyu da rabi da aka matse shi ya koma megabayit 200 don ya shiga ƙaramin memori, dole hotonsa ya lalace. Amma lalacewar ba ɗaya take ba a kowane irin fim. Fim ɗin zaman gida, inda mutum biyu ke zaune a falo suna magana, yana jure matsi, domin hoton ba ya motsi sosai. Fim ɗin faɗa ko tseren mota ba ya jurewa: duk inda motsi ya yi sauri, sai hoton ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai, mai kallo ya kasa gane wa ya bugi wa. Fim ɗin ban tsoro ya fi kowanne shan wahala, saboda rabinsa a duhu ake ɗauka, matsi kuma duhu yake fara cinyewa. Ka haɗa wannan da yaron da ya kalla da rana tsaka a gindin bishiya, hasken wayar a rage don tattalin caji, ga hayaniyar kasuwa. Ba abin da ya gani sai baƙin allo da ihu, dole ya ce shirme ne. Wani ya kalli fim ɗin nan da daddare a ɗaki, da abin sauraro a kunne, ya kasa fita fitsari.

Abin yi shi ne ka ajiye kwafi biyu na duk fim ɗin faɗa da na ban tsoro. Na 480p (lambar da ke nuna kyawun hoto ce, mafi girma ta fi kyau), wanda yakan kama megabayit 500 zuwa 700, ya ishi mai babbar waya, na 720p da ke kai gigabayit ɗaya ko fiye kuma na mai kallo a talabijin ne. Na 360p zuwa ƙasa ka bar wa fina-finan magana da ƙananan wayoyi. Ka lura da wanda aka rubuta x265 ko HEVC a sunansa: yana da ƙanƙanta da kyawun hoto, amma tsofaffin wayoyi da wasu talabijin ba sa iya buɗe shi, ko su riƙa sarƙewa, ko sauti ya fito babu hoto. Wanda aka rubuta CAM kuma da kyamara aka ɗauke shi a cikin silima, za ka ji mutane suna tari, wani lokaci ka ga kan wani ya gitta. Kada ka karɓi hukuncin kowa a kan irin wannan. In kuma wani ya ce fim ɗin yana tsayawa a tsakiya alhali a kwamfutarka lafiya yake tafiya, ka zargi memorinsa. Akwai na jabu da ke nuna gigabayit 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fim kamar gaske, sai an zo kallo a tarar ya lalace.

Fassara ita ma wani fim ne daban a kan fim. Mai fassara yana canza sunaye, yana ƙara barkwancin da babu shi a asali, wani lokaci yana yanke waƙoƙi ko wasu wurare don ya rage tsawo. Fim ɗaya zai iya samun fassara biyu daga kamfani biyu, kowanne da sunan Hausar da ya laƙaba masa. Sai mutum biyu su yi ta musu a bencin shagonka, ashe ba abu ɗaya suka ji ba. Ka riƙa tambaya fassarar wa ce. Ka kuma saurari abu biyu da kanka: ko maganar tana tafiya daidai da bakin ɗan wasa, da kuma ko kiɗa da ƙarar asali suna nan a ƙarƙashin muryar mai fassara. In an danne su gaba ɗaya, faɗan da ya kamata ya girgiza mutum sai ya zama salam.

Fina-finanmu na Hausa masu dogon zango, waɗanda suka yi ƙarfi bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da kuma komawar masu shiryawa YouTube, suna da tasu matsalar. Wanda ke jiran kashi ɗaya duk mako yakan ce ana jan labari. Wanda ka tura wa kashi goma sha uku ya kalla cikin kwana biyu zai ce labarin yana gudu. Duk gaskiya suka faɗa. Mai sayenka irin na biyun ne, don haka ra'ayin wanda ya kalla a jere ya fi yi maka amfani. Haka na Koriya, da yawancinsu ke ƙarewa a kashi goma sha shida, suna da ƙarshe sananne, saɓanin na Turkiyya da ke iya ɗaukar shekaru. Ka gaya wa mutum wannan tun kafin ka tura, don kada ya dawo yana cewa ka ba shi labarin da ba shi da ƙarshe. Wani ƙaramin abu da ke ɓata fim mai dogon zango: in ka sa wa kashi-kashi lamba 1, 2, 3 har zuwa 12, wasu wayoyi za su jera 1, 10, 11, 12, sannan 2. Mai kallo ya tsallaka daga na farko zuwa na goma bai sani ba, ya ce labarin ba shi da kai. Ka rubuta 01, 02, 03.

Barkwanci ba ya bukatar dogon bayani. Da mutane ake jin daɗinsa. Fina-finan camama irin waɗanda marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya yi suna a kansu kafin rasuwarsa a 2014, a cikin taro suke tashi, inda dariyar wani ke jawo ta wani. Wanda ya kalla shi kaɗai ya ce bai yi dariya ba, a saurara masa, amma kada a gina hukunci a kansa.

Sai maganar magidancin nan, wadda ita ce mafi nauyi a tambayarka, kuma yana da gaskiya. "Ya yi kyau" da "ya dace a kalla da iyali" tambayoyi biyu ne, samarin da suka yaba ta farko kawai suka amsa. Fassara tana mayar da magana Hausa, ba ta rufe hoto. A nan kada ka dogara da bakin kowa. Ka nemi sunan fim ɗin na asali ka duba matakin shekarunsa a intanet, ba ya cin data mai yawa. A tsarin Amurka G na kowa ne, PG da PG-13 suna son kulawar iyaye, R kuwa ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga silima sai da babba. A Indiya U na kowa ne, UA da sa idon iyaye, A na manya kawai. Duk mai R ko A ka ware shi a wata jaka daban a kwamfuta. Amma ka sani ma'auninsu ba namu ba ne, PG-13 ma yana iya ɗauke da shiga ko sumbata da mai gida a Taura ba zai lamunta a tsakar gidansa ba. Na Hausa da suka bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, sun fi sauƙi ta wannan fuska, sai dai ba duk abin da aka ɗora a intanet da Hausa ne ya bi ta hannunta ba.

Don haka duk fim ɗin da zai shiga jakar iyali, ka ba shi minti goma sha biyar na lokacinka, da safe kafin masu caji su taru. Ka kalli minti biyar na farko da lasifika a buɗe don ka ji sauti. Sai ka riƙa jan layin ƙasa kana tsayawa duk bayan kamar minti biyar na fim ɗin, ka fi tsayawa a waƙoƙi da wuraren dare da na ɗakin kwana. Ka duba minti biyun ƙarshe ka tabbata sunayen ma'aikata sun fito, domin wasu kwafin a yanke suke, wasu kuma kashi na ɗaya ne na fim mai kashi biyu. Gani ya kori ji.

Sauran aikin na littafi ne. Ka sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta, kowane fim ka ba shi layi uku ko huɗu: sunan Hausa, sunan asali ko na jarumin, fassarar wa, sai abin da mutane suka ce da irin mutumin da ya faɗa, ba sunansa ba. Kada ka fara tallata fim sai mutum uku da ba abokan juna ba sun kai ƙarshensa, domin 'yan majalisa ɗaya bakinsu ɗaya ne, wanda ya fi baki a cikinsu shi ke yanke wa sauran. Ka kuma nemi ra'ayin matan gida, waɗanda kaso mai yawa na cinikinka daga wurinsu yake amma ba ka jin muryarsu. In an aiko yaro da memori, ka ce ya tambayo wanne aka fi so a cikin na wancan karon, wanne kuma ba a ƙarasa ba. Amsar da zai dawo da ita ta fi makin da za ka gani a IMDb, shafin intanet da ake ba fina-finai maki, amfani a wurinka, tunda masu ba da makin can fim ɗin asali suka kalla, ba fassarar da ke hannunka ba.

Idan mai saye ya ce ka zaɓa masa, kada ka ce "wannan ya haɗu". Ka tambaye shi wane fim ne na ƙarshe da ya ji daɗinsa, shi kaɗai zai kalla ko da yara, kuma a waya ko a talabijin. Sannan ka siffanta masa a jimla biyu ba tare da ka tona ƙarshen ba: "Na ramuwar gayya ne, farkonsa da sanyi har kusan awa ɗaya, akwai jini, ba na yara ba ne." In ya karɓa a haka, ya san abin da ya saya. Shi kuma magidancin, ka same shi ka ba shi haƙuri, ka nuna masa jakar iyalin da ka ware, ka ce daga yau duk yaron da ya aiko daga cikinta kaɗai za a tura masa.