Ku Tambaya Mu Amsa: Mai ciwon suga da cin panir

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ni direba ne a Jidda, suga ya kama ni ina shan metformin, likitan mustausaf (ƙaramin asibiti) ya ce in rage kabsa (dafa-dukan shinkafar Larabawa) da tamis (burodin tanderu). To abokan aikina 'yan Indiya sun dame ni wai in koma cin farin cukun nan nasu panir, wai shi ba ya tada suga. Dan Allah haka ne ko in rabu da shi?
Wani ɗan'uwa, Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abokanka sun yi gaskiya amma ba su ƙarasa maka zancen ba.

Shi panir madarar shanu ce ko ta ɓauna ake tafasawa a matsa lemon tsami ko khal (wato binega) ta tsinke, a tace a ƙyalle a danne, kusan yadda matanmu ke yin awara. Yawancin sugan madarar yana bin ruwan da aka tsiyaye, shi ya sa a giram 100 abin da ke komawa suga a jini bai kai giram 5 ba, alhali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45. Furotin kuwa wajen giram 18, yana riƙe ciki sosai. Kuma galibi ba a sa masa gishiri, nan ya fi cuku masu gishiri irin su hallumi da jibna baida ɗin baƙala (kantin unguwa) ga mai hawan jini.

Inda nake jin tsoro shi ne mai. Giram 100 ɗin nan akwai kitse sama da giram 20, mafi yawansa irin mai ɗaga kolestarol ne, kuma mai suga dama zuciyarsa da jijiyoyinsa na cikin haɗari fiye da sauran mutane, balle kai da ke wuni a zaune a mota. Sannan yadda ake kawo shi a maɗ'am (gidan abinci) ɗin Indiyawa, an soya shi an zuba cikin miyar bota da kirim wani lokaci har da ɗan suga, ga burodinsu naan ko paratha biyu uku a gefe ga lemon kwalba, wallahi wannan bai fi kabsar da aka ce ka rage ba, burodin ne zai harba sugan kai kuma kana ganin abincin lafiya ka ci.

In za ka ci, giram 50 zuwa 70 ya isa, ba kullum ba, a gasa shi ko ka nemi wanda ake yi da alayyafo, palak panir suke ce masa, ka ce a rage mai, rabin faranti ganye da salak, cafati (siririyar gurasarsu) ɗaya na alkama. Bayan awa 2 da fara ci ka auna da na'urarka, in ƙasa da 180 mg/dL ne to jikinka ya karɓa.

Maganinka dai kar ka daina shi ko ka rage shi don ka samu panir. In likita ya taɓa ce maka suga ya fara taɓa ƙoda, tambaye shi tukuna don ana taƙaita furotin. In kuma nan gaba aka ƙara maka allurar insulin ko ƙwayar gliclazide, kar ka yanke shinkafa da burodi lokaci guda ka hau titi, suga na iya faɗuwa kana tuƙi, ka ajiye dabino 3 a mota saboda haka.